Maman Sani Mai Haki

A unguwarmu ta Birnin Konni, in ka ce kana neman Maman Sani za a tambaye ka wanne, don muna da su har sun yi mana yawa. Amma ka ce mai haki, ko akuya ta san gidan. Hasali ma awakin sun fi kowa saninsa. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kuma ni tela ne, kekena a ƙofar gida yake wuni, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Mutumin Badaguishiri ne, ɗan masu lambu. Tun bai iya ɗaure wando ba yake tsugunne cikin fangalin albasa yana tuge ciyawa, kuma ya sha rantse mini cewa abin da ya koro shi daga garinsu ke nan. Ya zo Konni ya kama kabu-kabu, yana kai mutane bakin iyaka yana dawo da su, har ranar da shi da wani jaki suka yi gardamar hanya, jakin ya yi nasara. Ƙafarsa da ta karye ta warke amma ta ɗan gajarce, ya bar moto, ya samu aiki a wani otel na bakin titi. Aikin kuwa mene ne? Rainon ciyawa. Wanda ya gudo daga cire ta, ga shi an ɗauke shi ya shayar da ita safe da yamma, ya yi mata aski in ta yi suma. Mun yi masa dariya har muka gaji, shi ma yana taya mu.

Matarsa Sa'adatu Bafillata ce daga wata ruga ta wajen Alela. A kasuwa ya gan ta tana sayar da nono, ya yi ta saye yana sha har cikinsa ya ɓaci kafin ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke kawo shi. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta da ɓoye-ɓoye, ga ta da hannun kiwo. Zabbinta su ne agogon unguwa, kuma ba a taɓa jin na yi musu addu'ar alheri ba.

Shekarar da nake ba da labari, bayan kaka, aka kawo mata mahaifinta. Sunansa Jaje, dogon tsoho siriri wanda ya ƙare rayuwarsa a bayan shanu. Idanunsa sun tafi gaba ɗaya, an kai shi likita an ce an makara. Ɗansa Mamadu zai yi kudu da garke cin rani, makaho kuwa ba ya bin sawun shanu, a rugar ma ba wanda zai rage sai wata tsohuwa da ita kanta riƙo take so. Dole ta sa aka kawo shi gidan suruki.

To, kun san Bafillace da kunya, kun kuma san abin da ke tsakanin suruki da suruki. Maman Sani kan tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsugunna nesa ya gaishe shi, tsohon ya amsa yana kau da kai, shi ke nan magana ta ƙare sai gobe. Ba sa ci wuri ɗaya, ba sa kiran sunan juna. Duk abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya, ta kan Sa'adatu yake bi, ko da kuwa suna zaune tsakar gida ɗaya kowa na jin numfashin kowa. Jaje bai taɓa cewa wani abu ya dame shi ba. Sai dai a kai masa tuwo a ɗauko tuwo, a kai fura ya kurɓa ya ture. Wata rana da hantsi aka neme shi aka rasa, sai can bakin babban titi aka same shi da sandarsa, manyan motocin albasa na wucewa ta gabansa, yana tambayar mutane ina ne yamma. Ranar Sa'adatu ta yi kuka har matata ta shiga rarrashi. Kowa ya gane in tsohon nan ya koma daji ba zai ga damina ba, in kuma ya zauna a haka, yunwa da kewa za su gama da shi a ɗaki.

Ina da rago, kuma Maman Sani ya saba in an yi wa ciyawar otel aski ya ɗuro mini cikin buhu. Wata ranar ya ajiye buhun a tsakar gidansa ya shiga ɗaki, kusa da inda tsohon ke zaune. Da ya fito sai ya tarar Jaje ya zura hannu cikin buhun ya damƙo ɗanyar ciyawa, ya kai hanci. Bai sake ta ba har la'asar. Da yamma aka kai masa tuwo, aka ɗauko kwano. Ragona dai ranar da dusa ya kwana.

Washegari na ji ana sara a bayan katanga. Na hau turmi na leƙa, sai ga maƙwabcina da fartanya yana kaftu a tsakiyar gidansa.

Na ce, “Lahiya, Maman Sani? Rijiya kaka gina?”

Ya ce, “Haki za ni shibkawa.”

“Mi?”

“Haki, Alkasum. Ko kunnenka ma ɗinki shika so?”

Na sauko daga turmin na je na ba majalisa labari, don irin wannan ba a cinye shi kai kaɗai. A ƙasar da kowa ke kashe ƙugunsa yana raba gero da ciyawa, a ce mutum da hankalinsa ya shuka ta a gida, ya yi mata shinge, ya ɗauko jarka yana ba ta ruwan famfo! Kafin magariba sunan mai haki ya bi shi, har yau kuma bai sake shi ba.

Kiri-kiri ce ya tsinko a gefen filin otel, irin mai yaɗo ɗin nan, ya dasa ta jere-jere. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ruwan alwala, ruwan ɗaurayar shinkafa, ba abin da ke zuba a banza a gidan. Sanyi na tsakiya ta kama, ta rufe ƙasa, ta yi kore shar a unguwar da ko ganyen kirki babu. Awakin unguwa suka mai da ƙofar gidansa wurin zaman makoki. Shi kuwa tsohon, da safe Sa'adatu kan jawo shi ta shimfiɗa masa buzu a gefe, ya tuɓe takalmansa na roba, ya nutsa tafin ƙafarsa cikin ciyawar. Nan yake wuni yana jan carbi, wani lokaci yana kiran sunayen shanunsa ƙasa-ƙasa. Kumatunsa suka ciko. Sanda ta koma bayan ƙofa.

Godiya? Ai ba a yi ta ba. Abin da aka ji kawai shi ne ranar da ya ce, “Sa'a, wanda yad dasa hakin ga ya san ruwa.” Maman Sani na tsaye a wurin da jarka a hannu. Ya zo ya same ni a bakin keke yana maimaita maganar kamar an naɗa shi sarauta. A lokacin ne ya gaya mini shi bai tashi ya ga ubansa ba, kuma tun da tsohon nan ya shigo gidan yake jin gidan ya cika. Na daina dariyar daga ranar, ko in ce na rage.

Sai dai son gyara ya sa shi ya yi abu biyu. Na farko, ya kama zabbin Sa'adatu da kajinta ya kulle a akurki bayan ɗaki, wai suna tona masa ciyawa. An yi kwana biyu ba a ga maciji tsakaninsu, amma da yake don ubanta ne ta haƙura. Na biyu, ya je kasuwar dabbobi ya cika amalanke da kashin shanu, wanda bai ruɓe ba, ya barbaje shi a kan ciyawar. Shi ɗan masu lambu ne, ya san ba a haka. Na tuna masa, ya ce ya sani, ba don taki ya yi ba, so yake in tsoho ya shaƙa ya ji ƙamshin ruga. Kuma ya ji, don ranar har waƙa aka ji yana yi da Fillanci.

Da sanyi ya fara ja da baya, bazara ta kunno kai, ƙasa ta ɗauki ɗumi, sai baƙi suka iso. Da farko wani ɗan wuri ne ya yi ja a kusurwar gabas. Maman Sani ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Wurin ya ƙara faɗi, wani ya ɓullo kusa da shi. Ya kama ciyawar ya ja, sai ta taso masa a hannu sakayau, babu saiwa ko ɗaya. A ƙarƙashi ga gwazarma nan kwance, manyan tsutsotsin taki, farare, ƙosassu, kowace ta lanƙwashe tana hutawa. Ya ɗaga wani busasshen kashin shanu, gara ta watse. Su biyun nan sun raba aiki, gwazarma na ci ta ƙasa, gara na bin abin da ya bushe ta sama. Kashin shanun ne ya kira su, masu tsince su kuma suna kulle a akurki.

Ba a gaya wa Jaje ba, amma wa zai ɓoye wa makiyayi mutuwar ciyawa? Ƙafarsa ta gaya masa. Wata safiya ya murza wani ganye a yatsa ya ce, “Sa'a, hakin ga ya hwara gajiya. Mu kau in haki ya ƙare ba mu zama.” A ranar ya sa aka kira wata mai tallan nono ƴar wajensu, ya ba ta saƙo a kai wa Mamadu duk inda yake, in wata ya tsaya ya zo ya ɗauke shi. Sanda ta dawo kusa da buzu, kwanon tuwo kuma ya fara dawowa da saura.

Nan fa unguwa ta cika da malaman gona. Wannan ya ce toka, wancan ya ce kanwa, wani ya ce a jiƙa ganyen dogon yaro, wani direba ya ce baƙin mai, da ma shi komai baƙin mai ne maganinsa. Maman Sani ya gwada toka, ya gwada dogon yaro, gara ta ɗan matsa gefe ta ci gaba da harkarta. Daga ƙarshe ya hau kabu-kabu zuwa bakin iyaka ya dawo da kwalbar fiya-fiya, wadda mai sayarwa ya rantse masa ko kunama ta ji ta sai ta yi wasiyya. Ya fesa. Kiyashi da ƙudaje suka mutu, tsohon ya sarƙe da tari aka shigar da shi ɗaki, matata ta kwashe shanyarta tana Allah ya isa. Gwazarma kuwa tana can ƙasa ko atishawa ba ta yi ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, don Jaje ya ƙi fitowa, ya ce haki na warin likita. Sai da Maman Sani ya yi kwanaki yana malala ruwa kafin warin ya tafi tsohon ya yarda ya dawo kan buzunsa.

Daga nan ya shiga wata dabara da ta ba ni dariya ta kuma ba ni tausayi. Kullum da safe kafin a fito da tsohon, sai ya duba inda ya rage kore ya ja buzun can, don ƙafa ta sauka a kan mai rai. Yau a nan, gobe a matsa yamma kaɗan, jibi a karkata. Jaje kuwa inda aka zaunar da shi nan yake zama. Koren dai kullum raguwa yake, har ya dawo bai fi faifai ba.

Sa'adatu ce ta fasa ƙwai, kuma duk unguwa ta ji, don ba ta iya faɗa a hankali ba.

Ta ce, “Kai dai Allah shi shirye ka! Ni kullum ina bayan gari da tukunya ina biɗar gara in ba ƴan tsakina, kai kana nan kana kukan ta yi maka yawa. Ka ɗamre masu aiki, ka tahi ka sawo guba. Buɗe min zabbina!”

Ya ce, “Su tone min hakin?”

“Wane hakin? Wanga da ko ɗan akuya ba ya ƙoshi da shi?”

Gaskiya ɗaci gare ta. Ya kwashe kashin shanun tas ya fitar. Ita kuma ta kawo tsofaffin tukwanenta, ta cusa musu karan dawa da guntun busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa, ta kife su a gefen wurin, yadda matan ƙauye ke yi in suna son gara. Kafin rana ta yi zafi sai ta ɗaga, tukunya ta cika maƙil, ta juye wa ƴan tsaki. Ta ƙi sakin zabbin sai da ta tabbata ruwa ya wanke gubar. Ranar da ta yarda, Maman Sani ya jiƙa ƙasar, ya bi ta da fartanya sama-sama yana juyawa, aka buɗe akurki.

Ban taɓa ganin walima irin wannan ba. Zabbi da kaji suka afka, ana tsere da gwazarma a baki, ana ƙwace, ana ihu. Jaje na gefe yana jin hayaniyar, har na ga haƙoransa. Kwana kaɗan aka nemi gwazarma aka rasa, gara ta koma bin tukwane. Amma zabuwa ba ta san iyaka ba. Da suka gama da ƙwarin suka bi ɗan koren da ya rage, suka tsattsage shi. Wurin ya koma jar ƙasa fayau, kamar ba a taɓa dasa komai ba. Maman Sani ya ce saiwar kiri-kiri na da taurin rai, wataƙila akwai sauran mai numfashi a ƙasa. Ya ci gaba da ba ƙasa ruwa safe da yamma, yana tsugunnawa yana duba, ba abin da ya fito. Ana cikin haka wata ya tsaya.

Ranar kasuwa da hantsi Mamadu ya iso a kan moto, da rawani da igiyar ɗaure kaya. Ina gidan, don na kawo rigar da Sa'adatu ta sa na ɗinka wa tsohon ta tafiya, ta ce ko ba komai kada ya koma da tsumma. Ta ɗaure masa ƙunshinsa, idonta ya kumbura. Maman Sani na tsugunne can bakin zaure ba takalmi, ya sunkuyar da kai. Yana so ya ce kada ka tafi, amma ba maganar da suruki ke faɗa wa suruki ba ce, ko ya faɗa ma ba za a amsa ba.

Aka gaisa, Mamadu ya sha fura, ya ce, “Baba, mu kama hanya tun rana ba ta yi ba.”

Jaje ya ce a kai shi wurin hakin tukuna. Sa'adatu ta riƙe hannunsa ta kai shi. Ya tuɓe takalmi ya taka, ƙasa ce tsura mai laima. Ya durƙusa a hankali, ya shimfiɗa tafin hannunsa, ya shafa nan, ya matsa ya shafa can. Ya daɗe yana yi, zabbi na ta kai da kawowa.

Can ya ɗago ya ce, “Mamadu, koma. Akwai toho.”

Mamadu ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya ce, “Baba, ni ban ga komi ba.”

“Yaushe kas san toho? Kai da sai haki ya kai gwiwa kaka ganinai. Ni ban taɓa barin wuri toho na hitowa ba. Tahi ka duba shanu, ka gaida mutanen gida.”

Mamadu ba ya musu da ubansa. Ya kwance ƙunshin da ya riga ya ɗaure a bayan moto ya miƙa wa Sa'adatu, ita kuma ta rungume shi ta shige ɗaki da sauri, muna jin kukanta daga nan. Muka raka shi ƙofa, ya tayar da moto ya tafi.

Muna dawowa Maman Sani ya zube a kan gwiwa a wurin, yana ɗingishinsa yana rarrafe, hancinsa kusan a ƙasa. Ni ma na sa tabarau na ɗinki, wanda nake zura zare da shi, na bi wurin kusurwa zuwa kusurwa. Wallahi babu ko ɗigon kore. Ya ɗago ya dube ni, na girgiza kai.

Tsohon na zaune a kan buzunsa, ya miƙe ƙafafu a kan jar ƙasa, fuskarsa na kallon katanga. Ya ɗaga murya yadda za ta kai ɗaki.

“Sa'a! Ki ce ma mutumen ga shi bar shinshinar ƙasa, shi tashi shi ba ta ruwa. Kada shi maishe ni maƙaryaci gaban ɗana.”

Maman Sani ya miƙe, ya goge fuska da hannun riga, ya ɗauki jarka ya nufi famfo. Na ajiye tabarau na ɗauki wata jarkar na bi shi.